Yadda Ake Kare Iyali Daga Sanƙarau, Ciwon Huhu Da Mashaƙo A Lokacin Hunturu

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya lulluɓe gari, leɓɓa suka fara tsagewa, sai layin asibitin yara ya ƙara tsawo. Daga Kano har Damagaram, daga Sakkwato har Maraɗi, kukan iyaye ɗaya ne: tari, majina, zafin jiki. Mafi yawan wannan mura ce, wadda ƙwayar bairos ke kawowa, kuma takan yi kwanakinta bakwai zuwa goma ta wuce, an sha magani ko ba a sha ba. Sai dai a cikin masu tarin nan akwai 'yan ƙalilan da bakteriya ce ta kama su: ciwon huhu, wanda muke kira sanyin haƙarƙari ko nimoniya, da sanƙarau, da mashaƙo. Waɗannan ba sa ba mutum lokaci. Sanƙarau na iya ɗauke yaron da ya tashi lafiya da safe kafin wata safiyar ta zagayo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke juya al'amarin. Murar da ba ta buƙatar komai sai hutu da ruwa, ita muke narka wa kafso daga kemis. Ciwon da ke buƙatar asibiti cikin sa'o'i kaɗan kuwa, shi muke zama da shi a ɗaki kwana uku muna cewa bari mu ga yadda zai kwana. Matakan da ke tafe duk don gyara wannan ne.

Abin da hunturu ke yi wa jiki

Sanyi shi kansa ba ya haifar da ƙwayar cuta. Cikin hanci da maƙogwaro akwai wata laima mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta ta fitar da su waje. Busasshiyar iskar hunturu da ƙurar da take ɗebowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, suna busar da laimar nan har wurin ya tsattsage. Shi ya sa haɓo ke yawa a wannan lokaci. Bakteriyar sanƙarau kuwa da ma tana nan: kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a maƙogwaronsa, yana harkokinsa lafiya lau. Idan ta sami tsaga sai ta shiga jini, daga nan ta kai ga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Haka ita ma bakteriyar ciwon huhu take zaune a hancin yara da yawa, tana jiran mura ta raunana hanyar numfashi ta gangara ƙirji.

Ƙara da cewa sanyi na tara mu ɗaki ɗaya, a rufe taga, a toshe ƙofa, a shigo da kaskon wuta. Tarin mutum ɗaya ya ishi kowa.

Ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal ya dangane da Habasha. Dattawa ba su manta 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2015 annobar ta afka wa Yamai da kewayenta. A ƙarshen 2016 ta taso daga Zamfara, a 2017 ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, ta kashe sama da mutum 1,100. Ku riƙe wannan: lokacinta na farawa ne da hunturu, amma ta fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu, ba ta kuma lafawa sai ruwan farko ya sauka. Tafiyar sanyi ba ta nufin an tsira.

Mataki na farko: ku ɗauko katin rigakafi

Wannan aiki ne na watan Oktoba ko Nuwamba, domin allura na ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara kare jiki. Amma ko yanzu kuka fara, ba ku makara ba.

Ku zauna da katin kowane yaro ku duba. A mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa akwai allurar da ake kira fenta, mai kare cuta biyar a haɗe, ciki har da mashaƙo, tarin shiƙa, da wata bakteriya mai kawo ciwon huhu da sanƙarau ga jarirai. A waɗannan makonni dai ake yin allurar ciwon huhu, wadda a kati za ku ga an rubuta PCV. A wata tara akwai ta ƙyanda da ta sanƙarau, sai ƙyanda ta biyu a shekara ta biyu. Ƙyanda bairos ce, amma na sa ta a nan saboda yawancin yaran da take kashewa ta hanyar ciwon huhun da ke biyo bayanta ne. Duka kyauta ake yi a asibitin gwamnati mafi kusa, a Najeriya da Nijar.

Idan kun ga gurbi a kati, ba sai an sake daga farko ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Idan katin ya ɓata, ko yaron ya wuce shekara ɗaya ba a taɓa yi masa ba, ku kai shi haka nan, ma'aikaciyar lafiya ta san abin da ya dace da shekarunsa. Mura ko ɗan zafin jiki ba sa hana allura. Allura ɗaya cikin uku kuma ba ta isa ba. Annobar mashaƙon da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki, yawancin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba ko ba a taɓa yi musu ba.

Game da sanƙarau akwai abin da ke rikita mutane. Bakteriyarta jinsi-jinsi ce. Allurar da aka fara yi a yankin nan a 2010 jinsin A kawai take karewa, kuma ta yi aiki, domin jinsin A ya kusan ɓacewa. Wanda ya yi ɓarna a 2015 da 2017 jinsin C ne. A Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare jinsi biyar, A, C, W, X da Y, ga 'yan shekara 1 zuwa 29, Nijar ma ta biyo baya. Saboda haka idan masu rigakafi suka shigo unguwa, kada wani ya ce ai an yi masa shekarun baya. A fita a karɓa, har da samari da 'yan mata da matan aure masu ƙananan shekaru. Mai ciki kuma ta tabbatar ta karɓi allurar da ake yi a wurin awo.

Mataki na biyu: ɗakin kwana

Ku bar iska ta ratsa ɗaki. Da hantsi, in rana ta ɗaga, a buɗe taga da ƙofa, a fitar da bargo da katifa a shanya. Da dare a ƙara wa yara sutura da hula da safa, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe. Jikin yaro ake ɗumamawa, ba a toshe masa iska.

Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki na da haɗari biyu. Hayaƙinsa na ƙona hanyar numfashin yaro ya share wa ciwon huhu hanya. Yana kuma fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mai sa mutane barcin da ba a tashi. Idan dole sai an ɗumama ɗaki, a bar garwashin ya ruru sosai a waje, a shigo da shi na ɗan lokaci taga a buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Janareto kuwa ko a zaure ko a baranda kusa da taga bai dace ba. Uwa mai girki da itace ta sauke goyo ta ba wani ya riƙe nesa da murhu. Mai shan taba ya fita waje da ita. Turaren wuta ma a sassauta shi a ɗakin da jariri yake.

Kafin shara a yayyafa ruwa a ƙasa. Kayan ɗaki a goge su da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa.

Inda cunkoso ya fi yawa nan annoba ke fara kamawa: makarantun kwana, tsangayu, sansanin 'yan gudun hijira, gidajen yari. Ina roƙon alarammomi da shugabannin makarantu su raba masu kwana gwargwadon iko, su jera shimfiɗa kai da ƙafa maimakon fuska da fuska, su ware wurin kwanan wanda ke tari da zazzaɓi. Almajirin da ya kwanta da ciwon kai mai tsanani ba shi da uwar da za ta lura da shi cikin dare. Malam da manyan ɗalibai su ne iyayensa a wannan sa'a.

Mataki na uku: hanci, hannu da fata

Wanda zai fita cikin hazo, musamman mai babur, mai adaidaita sahu da ɗan kasuwa, ya rufe hanci da baki da takunkumi, ko rawani, ko gefen mayafi. A riƙa shan ruwa ko ba a jin ƙishi, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa. Wanda hancinsa ke bushewa ya tafasa ruwa kofi ɗaya, ya sa rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya bari ya huce, ya riƙa ɗiga kaɗan a hanci.

Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, bayan fyace majina da bayan fita daga bayi. A buta a zuba wa kowa, kada a tsoma hannu goma a kwano ɗaya. Mai tari ya yi a cikin gwiwar hannu ko hankici, kada ya tofar da kaki a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Moɗa ɗaya a bakin randa ga gida duka al'adarmu ce, amma idan akwai mara lafiya a ware masa kofinsa da cokalinsa.

Fata ma ƙofa ce. Kaushi da faso idan suka tsage har jini, bakteriya na shiga ta nan. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, a goge, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kullum, kuma kada ya gasa ƙafa a bakin wuta, domin yana iya ƙonewa bai ji ba. Yara na gudun wanka da sanyi, daga nan ƙazuwa da ƙuraje ke samun wuri, susa ta buɗe fata, sai ga gyambo mai ɓawo. A dafa musu ruwa a yi wankan da rana tsaka. Kurji ko maruru da ya kumbura, ya yi zafi, jan yana faɗaɗa, ga zazzaɓi, na asibiti ne. Kada a fasa kafso a barbaɗa a kai.

Mataki na huɗu: idan mura ta shigo gida

Majina, atishawa, ɗan tari, ɗan zafin jiki na kwana biyu ko uku, amma yaro na shan nono, yana cin abinci ko da kaɗan ne, yana wasa in zafin ya sauka: wannan mura ce. A ba shi ruwa da kunu da romo akai-akai, a ƙara yawan shayarwa, a share hanci da ruwan gishirin nan kafin a ba shi nono. Wanda ya wuce shekara ɗaya, ƙaramin cokali na zuma kafin barci na sassauta tari. Jaririn da bai kai shekara ba kada a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata bakteriya da hanjinsa bai iya yaƙa ba. Farasitamol a ba shi daidai nauyinsa, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. A kula, yawancin magungunan mura na kwalba da farasitamol a cikinsu, in an haɗa biyun sai ya yi yawa ya taɓa hanta. Asfirin ba na yara ba ne.

Majina ta koma kore ko ɗorawa ba dalilin shan kafso ba ne, haka mura ke yi in ta kwana biyu. Maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. Abin da yake yi in an sha shi ba dalili shi ne koya wa bakteriyar da ke zaune a jiki yadda za ta jure masa, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi aiki. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ɗiga wa sabon jariri amfikulos don kawai an saba, ko buɗe kafso ja da rawaya a zuba wa yaro a koko, duk cikin wannan ɓarna suke. Na biyun ma yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba.

Zazzaɓi kuma ba duka ne maleriya ba. A yi gwajin jinin yatsa. In ya nuna babu, kada a tsaya nan a ce to taifot ne, a nemi wanda zai duba ƙirji da kunne da maƙogwaro.

Mura ta sauya hali idan ta wuce kwana goma ba sauƙi, ko an fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, ko zafin jiki ya zarce kwana uku.

Mataki na biyar: ku koyi ƙirga numfashi

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin rubutun nan da kowace uwa da kowane uba za su iya, wannan zan zaɓa. Ba ya buƙatar komai sai agogon waya, kuma da shi ma'aikatan lafiya ke gane ciwon huhu a ƙauyukan da babu na'urar hoto.

Ku jira yaro ya natsu. In yana kuka ko yana shan nono lissafin ba zai fito daidai ba, lokacin barci ya fi. Ku ɗaga rigarsa ku ga ciki da ƙirji. Mutum ɗaya ya riƙe agogo, ɗaya ya ƙirga. Ɗagawar ciki da saukarsa numfashi ɗaya ke nan. A ƙirga minti ɗaya cur, ba rabi a ninka ba, domin numfashin jarirai na tafiya yana tsayawa. In kuna shakka ku sake.

Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ku rubuta lambobin nan uku a bayan katin rigakafi. Yaro mai tari da saurin numfashi a ɗauka ciwon huhu ne, a kai shi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Sai ku dubi ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke ɗagowa. In kuka ga wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, huhun ya yi nauyi, yana kokawa ne. Haka in ƙofofin hanci na buɗewa da rufewa, ko yana gurnani a ƙarshen kowane numfashi, ko kai na gyaɗawa tare da numfashin.

Akwai alamomin da in aka ga ko ɗaya, ko ƙarfe biyun dare ne, sai a tashi: yaro ya kasa shan nono ko ruwa, yana aman duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, leɓe ko harshe sun sauya launi, ko ana jin ƙara mai kaushi in ya ja numfashi alhali ba kuka yake ba. Jaririn da bai cika wata biyu ba kuwa, duk wani zafin jiki, ko sanyin jiki da ba a saba ba, ko ƙin kama nono, ko jan cibiya mai mugunya, ba a jinyarsa a gida.

A asibiti za a iya maƙala masa 'yar na'ura a yatsa don auna iskar da ke jini. In ta nuna ƙasa da 90 yana buƙatar iskar oksijin, in babu a wurin ku nemi a tura ku gaba ba tare da jinkiri ba. In ciwon bai yi tsanani ba, yawanci amoksisilin ake bayarwa, akwai ma mai narkewa a cokalin ruwa ko nono, safe da yamma. Adadin na bin nauyi da shekarun yaro, shi ya sa ma'aikacin lafiya ne zai faɗa, ba maƙwabciya ba.

Wasu mutane ba a jira musu alamu su cika. Mai sikila da zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni a kai shi a ranar, domin saifarsa ba ta tare bakteriya kamar ta sauran mutane. Haka yaro mai tamowa, da mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da mai ciwon suga. Tsofaffi kuma ciwon huhu kan zo musu ba zazzaɓi. Sai dai a ga Baba ya rikice, yana maganar da ba kai, ya ƙi abinci, yana haki. Kada a ce tsufa ne.

Mataki na shida: sanƙarau, ciwon da ake ƙirga wa sa'o'i

Ga babba da yaron da ya yi wayo, takan fara da zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai irin wanda mutum bai taɓa ji ba, amai, ƙin haske, da sanƙarewar wuya. Ku ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. In ya kasa, ko zafi ya hana shi, alama ce babba. Daga nan sai rikicewa, magagi, jijjiga, suma. Amma kada ku jira wuya ya sanƙare, wani lokaci a makare yake zuwa.

Jarirai ba su cika nuna sanƙarewar wuya ba. Abin dubawa shi ne maɗiga: in ta kumbura ta yi tauri alhali yaron na zaune ba kuka yake ba. Sai kuka mai tsini da ba ya lallasuwa, wanda ke ƙaruwa in an ɗauke shi, ƙin nono, jiki ya saki ko ya ƙage.

Wani lokaci bakteriyar na yaɗuwa a jini, sai ƙananan ɗigo ja ko baƙi-baƙi su fito a fata. A baƙar fata suna da wuyar gani, don haka a duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da cikin baki. A danna gefen kofin gilashi a kansu. In ba su dushe ba, tare da zazzaɓi, sanyin hannu da ƙafa da ciwon gaɓoɓi, babu sauran jira.

Abin yi ɗaya ne: asibiti, nan take, wanda ake kwantarwa. Maganinta allura ce ta jijiya, yawanci seftiriyazon, na kwanaki a jere. Ƙwayar haɗiya daga kemis ba ta isa ƙwaƙwalwa yadda ake buƙata, sai dai ta rufe alamun ta ɓata gwaji. In ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida da suka kamu na rasuwa, ɗaya cikin biyar na tashi da nakasa, kuma jinkiri ne ke ƙara yawan duka biyun.

In jijjiga ta kama shi a hanya, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta tufafi. Kada a tura cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa, ko rubutu, ko man ja, domin huhu za su tafi. Na san gidaje da yawa in suka ga mutum na fizge-fizge yana sambatu, iska ce ke fara zuwa musu a rai. Addu'a ba ta da wurin da ba a yin ta. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadon asibiti, amma kada a kwana ana hayaƙi a ɗaki da mutumin da jikinsa ke zafi.

Likita zai nemi izinin ɗibar ruwan ƙashin baya, a nan ne iyaye da yawa ke tirjewa don sun ji ana cewa yana gurgunta mutum. Allurar na shiga ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki na mayar da shi cikin sa'o'i. Nakasar da ake gani bayan sanƙarau aikin ciwon ne. Da ruwan nan ake gane jinsin bakteriyar, da shi kuma hukuma ke sanin allurar da za ta kawo wa garinku. Ku amince a ɗiba.

Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mara lafiya su gaya wa likita, akwai maganin kariya da akan ba makusanta. A sa musu ido har kwana goma. In aka ga mutum biyu ko uku da irin alamun nan a unguwa ko makaranta ɗaya, a sanar da mai unguwa da asibiti mafi kusa. A Najeriya ana iya kiran hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kyauta a 6232.

Mataki na bakwai: maƙogwaro, kunne, da tarin da ya ƙi tafiya

Ku sa yaro ya buɗe baki ya ce "aa", ku haska da fitilar waya. In kuka ga wani abu fari-fari mai ruwan toka ya manne a maƙogwaro kamar fata, ga wuya ya kumbura, murya ta dushe, haɗiya na wuya, ku ɗauka mashaƙo ne. Kada a kankare, jini zai yi, yana kuma iya toshe numfashi. Kada a kai wa wanzami a ce beli ne. Yanka a irin wannan maƙogwaro na iya zama ajali, askar kuma ta kai cutar ga yaro na gaba. Mashaƙo na sakin dafi mai taɓa zuciya, maganin dafin sai a asibiti, kuma yana aiki ne in an yi shi da wuri. A ware yaron daga sauran, a kai 'yan gidan duka a duba su.

Akwai wani ciwon maƙogwaron da ya fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15: zazzaɓi, zafin haɗiya, kaluluwa a wuya, mugunya a gefen maƙogwaro biyu, amma babu tari babu majina. Wannan na buƙatar magani na kwana goma cif, ko allura guda da likita zai rubuta. In aka yi sakaci, bayan mako biyu ko uku sai ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu ya biyo, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya har ƙarshen rayuwa.

Kunnen da ke ciwo bayan mura, ko yake zubar da mugunya, a kai a duba. A naɗe tsumma mai tsabta a tsane ruwan daga baki-baki, kada a ɗiga mai ko ruwan ganye. Kumburi a bayan kunne na gaggawa ne.

Tarin da ya kai mako biyu, da zufar dare da rama, ko kaki da jini, a daina ɗora wa hunturu laifi. A je a gwada kaki don tarin fuka. Gwaji da maganin wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati, a Najeriya kuma lambar 3340 na nuna wa mutum cibiya mafi kusa.

Mataki na takwas: shan magani da abin da ke bayan sallama

In likita ya rubuta maganin bakteriya, kafin ku bar wurin ku tambayi abu uku: nawa, sau nawa, kwana nawa. Ku maimaita masa ya ji. Sau uku a rana na nufin kowace sa'a takwas. Garin maganin da ake haɗawa da ruwa, a yi da tafasasshen ruwan da ya huce, daidai layin kwalba, a girgiza kafin kowane ba da magani, a auna da murfin awo ko sirinji, ba cokalin cin tuwo ba. In yaro ya amayar nan take a sake ba shi. A cika kwanakin da aka faɗa ko ya warware ya fita wasa, ragowar kuma kada a ajiye wa ƙaninsa. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kumburin fuska, ƙaiƙayi da borin jini ko toshewar numfashi bayan shan magani na nufin a dakata a koma asibiti nan take.

Bayan kwana biyu zuwa uku ya kamata numfashi ya ragu, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo. In ba haka ba, ku koma inda aka rubuta maganin da kwalbar a hannu, kada ku sauya wani da kanku.

Maigida, akwai naka aikin tun kafin ciwo ya zo. Ka ware ɗan kuɗin mota da ba a taɓawa. Ka san mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya cikin dare, ka san asibitin da ke kwantar da yara. Mafi muhimmanci, ka ba uwargida izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka in tare kuke zaune, cewa in ta ga alamun nan ta tafi ko kana kasuwa ko kana tafiya.

Yaron da ya tashi daga ciwon huhu a ƙara masa abinci sau ɗaya a rana har mako biyu, mai wake, ƙwai, gyaɗa ko kifi, don ya mayar da abin da ya zube. Wanda ya tashi daga mashaƙo a hana shi guje-guje na wasu makonni, in ya fara haki ko ruwa na fitowa ta hanci in ya sha, a mayar da shi. Wanda ya tsira daga sanƙarau kuwa, a nemi a gwada jinsa kafin sallama ko cikin wata guda, domin kurumta ce nakasar da ta fi bari. A gida ku kira sunansa a hankali daga bayansa, ta dama sannan ta hagu. In ba ya juyowa, ko tafiyarsa ta sauya, ko karatu ya fara yi masa wuya bayan ya koma makaranta, ku gaya wa malaminsa abin da ya same shi, ku koma asibiti ku nemi a tura ku sashen kunne.